Wata 21 ina tayar da Fijo 504 mai ƙofa biyu: matakan da na bi da kurakuran da suka ci mini kuɗi

Tun da na fara fita da motar nan, da wuya in tsaya a gidan mai ko bakin masallaci wani bai leƙo ya tambaye ni inda na samo ta da nawa ta ci ba. Cikin masu tambayar akwai waɗanda suke da wata tsohuwar mota jibge a gidan iyayensu, zuciyarsu na son tayar da ita, amma ba su san ta inda za su kama ba. Saboda su nake wannan rubutu, domin kuɗin da na yi asara da watannin da na ɓata yawanci rashin sanin abin da ya kamata ya zo farko ne ya jawo su.

Ni ɗan Kaduna ne, a cikin 504 na tashi. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, yana da salun fara wadda aka harhaɗa a masana'antar Peugeot ta Kakuri, wadda ta fara aiki a 1975, kuma a cikinta na koyi tuƙi. Sai da na girma na san cewa 504 tana da wata 'yar'uwa mai ƙofa biyu, wadda Faransawa ke kira Coupé. An fara nuna ta a bajekolin motoci na Janeba a 1969, aka ci gaba da ƙera ta har 1983. Kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana ta, shi ne kuma yake ƙera gangar jikinta, sannan a kai Faransa a ɗora inji. Irinta mai injin V6 ce ta lashe tseren Safari na Kenya a 1978. Ba a taɓa harhaɗa ta a Kaduna ba, don haka duk wadda ka gani a ƙasar nan wani ne ya shigo da abarsa.

A watan Oktoban 2022 wani abokin aikina ya ce ya ga wata baƙuwar Fijo a wani gida a Zariya, inda ya je ta'aziyya. Asabar ɗin da ta biyo na ɗauki bakanikena, wani dattijo da ya yi wa mahaifina aiki shekara da shekaru, muka tafi. Mun same ta a gindin mangwaro, tayoyi huɗun sun nutse a ƙasa, ganye ya ruɓe a kwalbatin gilashin gaba. Ƙirar 1973 ce, mai fitila huɗu a gaba, injin lita biyu. Mai ita wani marigayi ne, malamin jami'a da ya dawo da ita daga karatu a Faransa, kuma rabonta da titi tun 2003. Baba bakanike ya buɗe bonet, ya sa hannu ya gwada juya injin, ya ƙi motsi. Ya kwanta ya leƙa ƙasanta, ya tashi yana karkaɗe riga ya ce, "Ɗana, ai Fijo ce. Babu abin da ke cikinta da ban taɓa kwancewa ba." Maganarsa gaskiya ce a kan abin da ke ƙarƙashin motar. Abin da ni da shi ba mu lura ba ranar shi ne, a jikinta na waje babu ƙofa ko bonet ko gilashi ko fitila ɗaya da ta yi daidai da ta salun. Wannan rashin lura shi ne tushen rabin wahalata.

Kuskurena na farko tun kafin motar ta bar gidan na yi shi. Babban ɗan marigayin ya sallama mini a kan naira 650,000, na ba shi kafin alƙalami na 200,000 nan take, ba tare da na tambayi ko an raba gado ba. Ashe ba a raba ba. Motar tana cikin dukiyar magada tara, biyu daga cikinsu mata ne da ke aure a wasu garuruwa, kuma ɗaya ta ce ba ta yarda a sayar da abin da mahaifinta ya fi ƙauna ba. Haƙƙinta ne, ban ga laifinta ba. Na shafe mako bakwai kuɗina a hannun mutane, mota ba tawa ba. Mahaifiyarsu ce ta warware maganar. Na je na gaishe ta, na durƙusa na ce, "Mama, ba 'yan gwangwan zan kai wa ba, gyara ta zan yi." Ta yi shiru, can ta ce, "To idan ta tashi ka kawo mini ita in gani." Bayan nan aka rubuta takardar ciniki, magada duka suka sa hannu, mai unguwa da limamin unguwar suka shaida, kuɗin kuma aka shigar da su cikin lissafin gado. Wanda duk zai sayi mota a gidan mamaci, ya nemi wannan takarda kafin ya zaro ko sisi.

Takardun motar kuwa gara ta cinye yawancinsu. Abin da ya tsira shi ne wani tsohon lasisi da rabin takardar kwastan. Lambarta ma ta tsohon yayi ce, tun kafin tsarin lambobi na bai ɗaya da aka kawo a 1992, saboda haka babu ita a kwamfutar kowa. Babban ɗan ya raka ni ofishin 'yan sanda muka ba da rahoton ɓatan takardu, muka wuce kotu ya yi rantsuwa a rubuce cewa motar ta mahaifinsa ce. Yini biyu wannan ya ɗauka, kuɗinsa bai kai 15,000 ba. Wani jami'i mai shekaru a ofishin rajistar motoci ya ba ni shawarar da har yau nake yi masa addu'a a kanta. Ya ce, "Malam, kafin kowa ya taɓa motar nan, ka ɗauki hoton lambar shasi da lambar inji da ɗan allon ƙarfen kamfani da ke cikin gidan inji. Kuma duk abin da ka canza, inji ne ko launi, ka riƙe rasit." Na yi yadda ya ce, kuma za ku ga inda ya cece ni.

Mun ɗauko ta a kan motar janwe a farkon Disamba, naira 45,000 zuwa Kaduna. Kwance ta ya zo daidai da lokacin canjin kuɗi na farkon 2023, lokacin da takardar naira ta yi wuya, yaran gareji kuma ba su karɓar taransifa. Aiki ya tsaya kusan wata guda saboda ba ni da tsabar da zan ba su na abinci. Wannan tsaiko ya zame mini alheri ta wata fuskar, domin na samu lokacin zama ni kaɗai da yamma ina ɗaukar hoton kowane abu kafin a cire, ina zuba kusoshi a leda ina rubuta inda suka fito. Duk da haka, ranar da ban je ba yara suka ɓamɓare adon ƙarfe mai sheƙi na gefen tagogi da sukundireba, guda biyu suka lanƙwashe. A salun wannan ba komai ba ne, ka shiga kasuwa ka sayo wani. A wannan motar sai da na jira wata goma sha ɗaya kafin in samu madadinsu.

Daga nan sai aikin jiki, inda na fi shan wuya. Na kai ta wurin wani mai gyaran jikin mota da aka yaba mini shi, muka yi jinga a kan 280,000. Cikin mako biyar ya kira ni, na tarar da mota sumul, an shafe ta da fentin ƙasa ruwan toka, har na ji ƙwalla ta taru mini don murna. Wata biyu tana ajiye muna aikin inji, sai na ga wani siririn tsagu a ƙasan ƙofar direba. Baba bakanike ya ciro maganaɗisu daga tsohuwar sifika ya bi jikin motar da shi. A rufi da bonet yana kamawa, a ƙasan ƙofofi da bakin tayoyin baya sai ya faɗo. Muka sa guduma, fila, wato kwaɓin da ake cike lotsawar jikin mota da shi, ta zubo mai kaurin yatsa, a bayanta tsatsa ce da raga da aka cusa a ramuka. Daren nan ban yi barci ba. Ba kuɗin ne kaɗai suka dame ni ba, tunanin da na yi shi ne da ban gani ba da na ɗora fenti mai tsada a kan ruɓa, kuma ƙasan ƙofar nan shi ke riƙe da ƙarfin motar, tunda jikinta da shasinta abu ɗaya ne.

Na ɗauke ta na kai wa wani dattijon maƙeri mai walda da ke aiki kusa da kasuwar Panteka. Sharaɗinsa na farko shi ne a kankare motar gaba ɗaya har sai farin ƙarfe ya fito, ya ga gaskiyarta da idonsa. Da aka kankare sai ga ɓarnar a fili: ƙasan ƙofofi biyu, daɓen ƙafar direba, kwanon but inda ruwa ya kwanta, da gindin gilashin gaba inda ganyen mangwaro ya shekara yana ruɓewa. Sauran jikin kuwa lafiya lau, albarkacin bushewar iskar arewa. Tunda babu inda za a sayo waɗannan ɓangarori, sai ya riƙa yanka kwali daidai da surar wurin, ya ɗora a kan falankin ƙarfe, ya yanka, ya buga a kan uwar maƙera har ya ɗauki lanƙwasar, sannan ya liƙa da walda ɗigo-ɗigo don kada zafi ya murɗe jikin. Gefen da ya fi lafiya shi ya zama ma'aunin ɗaya gefen. Wata huɗu ya yi, ya karɓi 520,000, kuma ban taɓa biyan kuɗin da raina ya kwanta da su kamar waɗannan ba. Nakan tashi daga ofis in je in zauna a kan benci ina kallonsa har magariba. A wurinsa ne kuma allon kamfanin nan ya ɓace bayan an cire shi don walda. Kwana tara muna nema kafin wani almajirinsa ya gano shi cikin tarin yankakken ƙarfe da ake shirin sayarwa a kilo. Tun ranar na kai shi gida na sa a durowar da nake ajiye takardun fili.

Maganar inji ita ce inda na daɗe ina shawara da zuciyata. Injinta na asali ba kafireta gare shi ba, wani famfo ne na Kugelfischer, ƙirar Jamus, mai harba fetur kai tsaye zuwa bakin kowace silinda ba tare da kwamfuta ba. Mun zuba baƙin mai da gas ta ramin fulogi muka bar shi mako biyu, injin ya saki ya juya, amma famfon ya daskare da tsohon fetur na shekara 19. Na zaga wurin masu gyaran famfon dizal uku, kowa ya juya shi ya ce bai taɓa buɗe irinsa ba, kuma na gode musu da ba su yi karambani ba. Na so in cire famfon kawai in ɗora kafireta, sai Baba ya nuna mini cewa kan injin ma daban yake, mashigar iskarsa ba ɗaya ba ce da ta mai kafireta. Ƙarshe na yanke shawarar sayen cikakken injin lita biyu mai kafiretar Solex, irin wanda ke cikin 504 ɗinmu na gida, naira 350,000. A nan ne maganar Baba ta tabbata. Injin nan silif ɗinsa, wato bututun da fistin ke kai-komo a ciki, zarewa ake yi, ba sai an kai bulok an rarake ba, don haka muka sayi sabon saitin fistin da silif da rin, muka canza metal, aka wanke kan injin aka zauna da bawul. Abin da babu a Kaduna na samo shi a Ƙofar Ruwa a Kano a yini ɗaya. Duka gyaran ya tsaya a 240,000 cikin mako uku. Tsohon injin kuwa mutane da yawa sun ce in sayar, na ƙi. Na zuba masa mai, na toshe ramukansa, na naɗe shi da tamfol.

Sauran sauye-sauyen da na yi, ƙa'idar da na bi ita ce kada a yanka wani abu a jikin motar da ba za a iya mayarwa ba. Na sa giya mai biyar ta 505 a madadin mai huɗu, don injin ya huta a doguwar hanya. Wannan ya zo da nasa aikin: giyar ta fi ta asali tsawo, sannan tazarar tayar gaba da ta baya a mai ƙofa biyu ta gaza ta salun da santimita 19, saboda haka sandar farfela da bututun da take ciki na salun ba sa shiga. Na sayi na salun na gwanjo aka rage musu tsawo a wurin mai injin tona, wato na'urar sassaƙa ƙarfe, na adana na asalin. Rageni na farko bai daidaita ba, mota na kai gudun 80 sai ta ɗauki rawa, sai da aka sake aikin. Birkinta faifai ne a tayoyi huɗu, na bayan sun kafe, muka jiƙa su muka kwance muka sa sababbin robobi, bututun man birki kuma duka na canza su, domin wannan wuri ne da ban yarda a yi dabara ba. Lagireto na kai aka ƙara masa layi, na ɗora fanka mai lantarki saboda zafin Maris da Afrilu da cunkoson cikin gari. Wayoyi kuwa ɓeraye sun gama da su, mai rewaya ya zare su duka ya ja sababbi da akwatin fis na zamani. Na yi niyyar sa na'urar sanyi, amma da na ga sai an huda allon gaba, na haƙura.

Sai abin da ya kamata in fara da shi, wanda na bari ƙarshe. Gilashin gaba yana da tsagu tun a Zariya, fitilar baya ɗaya ta fashe, robobin ƙofa da na gilashi rana ta mayar da su kamar busasshen ƙanzo. Na ɗauka zan samu a Kano ko Legas. Babu. Ta hanyar ƙungiyoyin masu riƙe da tsofaffin Fijo a Faransa na samu mai sayarwa, wani ɗalibi ɗan unguwarmu da ke karatu a can ya riƙa yi mini tafinta. Tun a Disambar 2022 na ga kayan nan a intanet na ce bari sai an gama jiki. Kafin in waiwaye su an saki darajar naira a tsakiyar 2023, zuwa Fabrairun 2024 dala ta haura 1,500. Abin da zan biya kusan 700,000 da na saya da wuri, sai da ya ci mini sama da miliyan ɗaya da rabi, har da akwatin katako da kuɗin jirgi da harajin kwastan. Gilashin ya yi mako shida a hanya, kuma ranar da za a ɗora shi ni da kaina na riƙe gefe ɗaya, hannuna na rawa, don na san idan ya fashe babu na biyu.

Fenti na jinkirta shi da gangan har ƙurar hunturu ta kwanta, aka yi shi a watan Afrilu kafin damina ta sauka, a rufaffen ɗaki mai gashi, naira 600,000. Na mayar da ita launinta na asali, shuɗi mai duhu, wanda muka gano a ƙarƙashin kafet inda rana ba ta taɓa kaiwa ba. Kujeru wani mai ɗinkin kushin ya yi su da fatar Kano, ya bi tsarin ɗinkin tsofaffin da muka kwance.

Rajista ta ɗauke ni mako uku da zuwa biyar. An buƙaci takardar ciniki, rantsuwar kotu, rahoton 'yan sanda, katin shaidata na ɗan ƙasa, da motar kanta don a duba. A wurin dubawar jami'in ya ga lambar inji ba ta yi daidai da ta tsohon lasisi ba, ya ajiye biro. Na fito da hotunan farko, da rasit ɗin sabon injin, da hoton tsohon injin a gidana lambarsa na nunawa. Ya duba ya ce, "Yallaɓai, da ba ka da waɗannan da sai an yi bincike mai tsawo." Aka rubuta canjin inji a fayil, aka gwada birki da fitilu aka ba ni takardar cancantar hawa titi, na biya inshorar da ke kare wanda ka yi wa ɓarna, wadda ta koma 15,000 tun Janairun 2023, sannan na jira sabuwar lamba ta fito.

Da zan sake daga farko, ga yadda zan jera aikin. Takardar magada da hotunan lambobi kafin komai. Daga nan in zauna in rubuta duk abin da babu shi a kasuwarmu, gilashi da fitilu da robobi da ado, in saye su tun motar ba ta bar inda take ba, domin su ne farashinsu ke gudu, kuma su ne za su nuna maka ko aikin zai yiwu. Sai a kankare jiki har ƙarfe kana tsaye, kada ka yarda a shafa komai kafin ka gani, kuma ka biya mai walda kashi-kashi gwargwadon abin da ya gama. Inji da giya su ne masu sauƙi a ƙasar da kusan kowane tsohon bakanike ya ƙware a Fijo, don haka kada su ci maka kuɗin farko. Littafin da nake rubuta kashe-kashe ya nuna naira miliyan 5 da dubu 800, ni kuwa da miliyan biyu na yi lissafi tun farko. Kimanin miliyan ɗaya daga ciki kuskuren jeri ne kawai. Maiɗakina ta yi haƙuri da ni matuƙa, kuma da na gaya mata gaskiyar adadin tun da wuri da ya fi mini sauƙi a kan yadda ta riƙa jin sa gutsure-gutsure.

Asabar ta biyu a watan Yulin 2024 na cika alƙawari. Na ɗauki Baba bakanike a gaba muka kama hanyar Zariya da sassafe, an yi ruwa da dare, hanya ta yi sanyi. Bayan mun wuce Jaji na sa giya ta biyar, ƙarar injin ta kwanta, allurar zafi ta tsaya a tsakiya ba ta motsa ba. Baba bai ce komai ba, kunnensa kawai ya karkata yana saurare. Da muka isa, Mama ta fito da sandarta, ta zagaya motar sau ɗaya, ta shafa rufin, ta ce a buɗe mata gefen fasinja. Ta zauna ta daɗe, sannan ta ce a kira mata 'yarta a waya, wadda ta ƙi yarda a sayar, ta ce mata, "Ga motar babanku nan a ƙofar gida, da ƙafarta ta zo." Na zaga da ita cikin unguwa a hankali, jikokinta uku a matse a baya.

Tsohon injin yana nan a ɗakin ajiyata. Watan jiya ɗalibin nan ya samo mini wani mai gyaran famfon Kugelfischer a can, na wanke famfon na naɗe shi cikin tsumma, ina jiran wanda zai tafi ya riƙe mini shi a jakarsa.